Mene ne "rangadin USO" da ake yawan ji a labaran mawaƙan Amurka?

Mai bin labaran mawaƙa da 'yan fim na Amurka zai riƙa cin karo da hoton wani tauraro sanye da hular kwano da rigar sulke, yana tsaye a tsakiyar sojoji a wani sansani, an rubuta a ƙasa cewa yana "rangadin USO". Da yawa cikinmu mukan ɗauka USO wani reshe ne na rundunar soja. Ba haka ba ne.

USO taƙaitawa ce ta United Service Organizations, wato gamayyar ƙungiyoyin hidima. An kafa ta ranar 4 ga Fabrairu 1941, watanni goma kafin Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi ƙungiyoyi shida na farar hula su haɗa kai wajen kula da walwalar samarin da ake ɗauka soja. Cikinsu akwai ƙungiyoyin Kirista YMCA da YWCA da Salvation Army, akwai ta Katolika, akwai ta Yahudawa, akwai kuma ta taimakon matafiya. Har yau ƙungiya ce mai zaman kanta da ke dogaro sosai da gudunmawar jama'a, ko da yake sojoji ne ke ɗaukar mawaƙan a jiragensu, su ba su masauki, su tsare lafiyarsu.

Kalmar rangadi ta dace da abin ƙwarai. Idan sarki ya fita rangadi, shi ne ke barin fada ya bi ƙauyuka ya iske talakawa inda suke. Haka mawaƙin nan yake barin manyan zaurukan da ake sayen tikiti a shiga, ya bi sansani sansani, wani lokaci dandalinsa bayan babbar mota ne, wani lokaci rumfar ajiye jirage, wani lokaci ɗakin majinyata. Sojan ba ya biyan ko kwabo, kuma manyan taurari galibi kyauta suke ba da lokacinsu. Akwai ma irin wanda ake kira rangadin gaisawa, inda babu kiɗa sam: baƙo ya zo, ya yi musabaha, ya ci abinci tare da ƙananan sojoji, a ɗauki hoto, ya wuce sansani na gaba.

A nan ne nake ganin mai karatu Bahaushe zai iya kuskuren fahimta, domin mu ma mun san kiɗan fagen fama. Makaɗan yaƙi na da, da tambura da kirari, aikinsu zuga ne, su tunatar da jarumi sunan ubansa da kakansa har ya ji kunyar ja da baya. Rangadin USO kuwa maganin kewar gida ake kai wa. Yaro ɗan shekara 19 da ya yi wata bakwai bai ga mahaifiyarsa ba, abin da yake so shi ne ya ji waƙar da yake ji a rediyon motar gidansu, ya yi dariya, ya manta na sa'a biyu cewa gobe akwai sintiri. Shi ya sa 'yan barkwanci suka yi suna a wannan fage daidai da mawaƙa.

Babu wanda sunansa ya manne da kalmar kamar ɗan barkwanci Bob Hope. Ya fara wasa gaban sojoji a March Field da ke Kalifoniya a watan Mayu 1941, ya je Turai da tsibiran tekun Pasifik, ya je Koriya, ya yi ta zuwa Biyetnam lokacin Kirsimeti, bai daina ba sai bayan tafiyarsa Saudiyya a ƙarshen 1990, ana dab da yaƙin Tekun Fasha. A 1997 majalisar dokokin Amurka ta ba shi lambar tsohon soja na girmamawa, alhali bai taɓa shiga soja ba. 'Yar fim Marilyn Monroe ma ta katse hutun amarcinta a Japan a Fabrairu 1954 ta tafi Koriya, ta yi wasa goma cikin kwana huɗu, cikin tsananin sanyi. Ingila tana da tata irin ƙungiyar a lokacin yaƙin, ENSA, wadda aka kafa a 1939, kuma a ƙarƙashinta ne mawaƙiya Vera Lynn ta kai har ƙasar Bama (Burma) a 1944, fagen da sojojinmu na Afirka ta Yamma su ma suka yi yaƙi.

Masu zuwa irin wannan rangadi sukan ce su sojan suke goyon baya, batun yaƙin kuwa na 'yan siyasa ne. Na yarda da yawansu da gaske suke. Sai dai layin da ke tsakanin biyun siriri ne, kuma ba kullum yake tsayawa ba. A zamanin yaƙin Biyetnam an zargi Bob Hope da zama kakakin gwamnati, har 'yan fim Jane Fonda da Donald Sutherland suka shirya nasu wasan na adawa da yaƙin a 1971, suna yi a kusa da sansanoni, sojoji kuma suna cika wurin. Tun kafin nan, mawaƙiya baƙar fata Lena Horne ta ga abin da ya ɓata mata rai a wani sansani lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: an zaunar da fursunonin yaƙi Jamusawa a gaba, sojojin Amurka baƙaƙe a bayansu. Ta nuna ƙin amincewarta a fili, kuma ta ƙi ci gaba da wasa a bisa wannan tsari. Duk wanda zai ba da tarihin kalmar nan ya tsallake wannan, bai yi wa waɗancan sojoji adalci ba.

Tafiyar kanta ba wasa ba ce. A 2008 harbin abokan gaba ya katse wasan mawaƙi Toby Keith a Kandahar ta Afganistan, aka ruga maɓoya, da ƙura ta lafa ya koma kan dandali. A Fabrairu 1943 jirgin Yankee Clipper da ke ɗauke da 'yan wasan USO ya faɗa kogin Tagus kusa da Lisbon. Mawaƙiya Tamara Drasin ta rasu a ciki. Abokiyar tafiyarta Jane Froman ta tsira da munanan raunuka, aka yi ta yi mata tiyata, amma a 1945 ta koma Turai tana dogara sanduna, ta bi asibitoci da sansanoni tana rera wa sojoji waƙa.