Kampo da matsalolin yankewar al'ada bayan jinyar sankarar mata

Kampo maganin gargajiya ne na ƙasar Japan wanda ake harhaɗawa daga saiwoyi da ɓawon itatuwa da ƴaƴansu. Likitocin mata a can kan ba da shi ga waɗanda al'ada ta yanke musu farat ɗaya, bayan an cire musu ƙwan haihuwa ko an yi musu gashi saboda sankarar mahaifa. Irin wannan yankewa takan fi ta tsufa tsanani. Zafi yakan taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, ta jiƙe sharkaf da gumi cikin dare, barci ya gagare ta. Wasu kuma an hana su shan sinadarin istirojin, wanda ake bayarwa don rage waɗannan matsaloli, don gudun kada ciwon ya dawo.

Tarihi

Ana jin ilimin ya shiga Japan daga ƙasar Sin ta Koriya wajen ƙarni na 5 ko na 6. A 984 likita Tanba Yasuyori ya kammala Ishinpo, littafin likitanci mafi daɗewa da ya rage a ƙasar. A zamanin Edo, daga ƙarni na 17 zuwa na 19, sai Kampo ya ɗauki kamannin kansa. Likita Yoshimasu Todo, wanda ya rasu a 1773, ya fifita lalubar cikin majinyaci da hannu a kan dogon nazari, kuma har yau ana danna ƙasan cibiya a nemo alamar daskarewar jini da suke kira oketsu. Gwamnatin Meiji, wadda ta biyo bayan zamanin Edo, ta rungumi likitancin Jamus ta ture Kampo gefe, bai farfaɗo sosai ba sai da inshorar lafiya ta karɓi tarin haɗe-haɗensa a 1976. Yanzu tana biyan kuɗin guda 148.

Haɗe-haɗe

Uku ne suka yi fice. Keishibukuryogan, mai ɗauke da kirfa, na mace mai ƙarfin jiki ne da zafi ke damu. Tokishakuyakusan na raunanniya ce mai sanyin hannu da ƙafa. Duka biyun sun fito daga rubutun likitan ƙasar Sin Zhang Zhongjing na wajen ƙarni na 3. Kamishoyosan kuwa tsirrai 10 ne, har da citta da na'ana'a, ana ba mai saurin fushi da rashin barci. Galibi gari ne a ƴar leda, giram 7.5 a rana, kafin cin abinci.

Inganci da illa

Akwai saɓani. Gwajin keishibukuryogan da aka wallafa a Amurka a 2011 bai nuna ya fi maganin wofi, wato wanda babu sinadarin magani a cikinsa, rage zafin ba. Saiwa mai zaƙi da ke cikin kamishoyosan tana iya ta da hawan jini, shansa na shekaru kuma yakan taɓa jijiyoyin hanji, don haka likitan sankara ne ya kamata ya sa ido a kai.