Wa ake fara sallama a layin burauza? Fashin baƙin ƙa'idar jera ayyuka

A makon jiya na zauna a shagon wani kawuna mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maradi, ina kallon yaron shagon yana shigar da ciniki a wani shafin intanet da suke riƙe lissafin kaya da shi. Wata hajiya ta sayi turmi biyu, tana tsaye tana jiran rasit. Yaron ya danna maɓallin ajiyewa, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya danna na uku da ƙarfi har farcensa ya yi ƙara a kan gilashin wayar. Can bayan kamar sakan uku shafin ya farfaɗo, sai ga cinikin ya shiga sau uku, turmi shida a maimakon biyu. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ka karanci abin nan, rezo ne ko wayar ce ta gaji?" Na karɓa na duba, sandunan rezo a cike suke. Na ce, "Kawu, rezo lafiyarsa lau. Wanda ya gina shafin ne bai san bin layi ba."

Layin da nake nufi yana da ƙa'ida a rubuce. Burauza, wato manhajar da muke buɗe shafuka da ita irin su Chrome da Firefox da Safari, tana aiki ne bisa wani kundi da ake kira ƙa'idar HTML. Ƙungiyar WHATWG, wadda aka kafa a 2004, ita ke riƙe da shi, kuma a 2019 ta yi yarjejeniya da W3C, ƙungiyar da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, cewa kundi ɗaya za a riƙa bi. Babu majalisar da ta zartar da shi, babu jandarman da zai kama wanda ya saɓa. Amma duk burauzar da ke cikin aljihunka da shi take hukunci, kuma hukuncinta ba ya jiran ɗaukaka ƙara.

Sashe na farko da za mu duba a ƙa'idar shi ne tushen komai: shafi yana da babban ma'aikaci guda ɗaya tak, kuma aiki ɗaya yake yi a lokaci guda. Shi ne mai gudanar da umarnin da mai shafin ya rubuta da JavaScript, wato harshen da ake ba burauza umarni da shi, shi ne mai amsa danna maɓallinka, kuma shi ne mai lissafa yadda za a sake zana abin da kake gani. In ya kama aiki, sai ya kai ƙarshensa kafin ya waiwayi wani.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san wannan. Inji ɗaya ne, mata da yara sun jera ƙorai da robobi. Mai tiya ɗaya ta gero da za ta yi tuwon dare tana nan, mai buhu guda na biki ma yana nan. Da zarar mai inji ya juye buhun nan a baki, magana ta ƙare: ko wace ce ke sauri sai ta jira ya fita tas. Abin da ya faru a shagon kawu ke nan. Yaron ya danna maɓalli a daidai lokacin da shafin ya juye wa ma'aikacin buhu guda, wato sake lissafin dukan kayan shagon. Dannawar ba ta ɓata ba, layi ta shiga. Ta biyu da ta uku ma suka bi bayanta, kuma da buhun ya fita aka sallame su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ma'aunin da aka ɗora wa wannan. Duk aikin da ya riƙe ma'aikacin fiye da milisakan 50 ana lissafa shi a matsayin dogon aiki. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Fuskokin waya da yawa suna sabunta hoto sau 60 a sakan, ke nan kowane zane yana da kimanin milisakan 16 da ɗoriya. Aikin da ya ci sakan uku ya cinye gurbin zane wajen 180, shi ya sa ido ke ganin shafin ya daskare.

Sashe na biyu ya ba burauza ƴancin zaɓe. Layin ba ɗaya ba ne: ayyukan da suka fito daga taɓawar mutum, da waɗanda suka fito daga agogon jira, da saƙonnin da suka dawo daga intanet, kowane iri da tushensa. Kundin ya yarda burauza ta zaɓi layin da za ta ɗauka daga ciki, har ya kawo misali cewa tana iya fifita taɓa madannai da linzamin kwamfuta kashi uku cikin huɗu na lokaci, don shafin ya riƙa amsawa ba tare da an bar sauran da yunwa ba. Abin da ya hana shi ne a birkita jerin ayyukan da suka fito daga tushe ɗaya. Wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama.

Shekara da shekaru mai gina shafi ba shi da bakin magana a wannan zaɓe. Babbar dabararsa ita ce umarnin setTimeout, wanda ke cewa "ajiye wannan sai an jima". Shi ma da sharaɗinsa: in aka jera irin wannan jira a cikin juna fiye da sau biyar, ƙa'ida ta tilasta tazarar aƙalla milisakan 4. In kuma mutum ya bar shafin a baya ya koma WhatsApp, burauza na rage bugun agogon zuwa kamar sau ɗaya a sakan, kuma tun daga fitowar Chrome ta 88 a farkon 2021, shafin da ya yi minti biyar a ɓoye ba sauti ana iya duba agogonsa sau ɗaya kawai a minti. Wannan na goyi bayansa ɗari bisa ɗari. Wanda ya san wahalar neman caji a garin nan lokacin zafi, ranar da wuta ta ɗauke tun hantsi, ba zai so shafin da ba ya kallo ya riƙa shan batirinsa ba.

Sabon abin da ya shigo shi ne ƙa'idar fifita ayyuka, wadda aka tsara a zauren WICG da ke ƙarƙashin W3C, inda ake tattauna sababbin shawarwari kafin su zama ƙa'ida. Ta fara aiki a Chrome 94 a watan Satumba na 2021 da umarnin scheduler.postTask, Firefox kuma ta bi sahu a 2025. Abin da ta kawo shi ne mai shafi ya iya faɗa wa burauza matsayin kowane aiki, kuma matakan uku ne kacal.

Na sama sunansa user-blocking: aikin da in ba a yi shi ba mutum ya tsaya cak, kamar amsa dannawarsa ko nuna harafin da ya rubuta. Na tsakiya user-visible: abin da mutum zai gani amma ba ya hana shi ci gaba, kamar cika jerin kayan da ke ƙasan shafi. Duk aikin da ba a faɗi matsayinsa ba nan ake ajiye shi. Na ƙasa background: abin da babu mai jiransa, irin aika ƙididdigar masu ziyara ko share tsofaffin bayanai. Burauza tana fara kwashe na sama, sannan na tsakiya, sannan na ƙasa, kuma a cikin kowane mataki ana bin wanda ya riga zuwa.

Akwai ƴan sharuɗɗa da ya kamata matasanmu masu koyon gina shafuka, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko a ɗakunan koyon kwamfuta na cikin gari, su riƙe da kyau. In ka rubuta matsayin aiki kai tsaye lokacin da kake aika shi, ya zauna ke nan, ba ya canzuwa. In kana son ikon ɗaga shi ko sauke shi daga baya, sai ka ɗaura shi a kan abin da ake kira TaskController, wanda ke ba ka damar canza matsayi ko soke aikin gaba ɗaya. Amfanin wannan a fili yake: hoton atamfar da ke can ƙasan shafi yana matakin ƙasa, da mai saye ya gangaro kusa da shi sai a ɗaga shi, in kuma ya bar shafin, a soke, kada a ƙona masa megas a banza. Sai dai sokewa tana cin aikin da ke layi ne kawai. Wanda ya riga ya shiga inji ba a zaro shi, sai in shi kansa an rubuta shi yana dubawa ko an ce ya tsaya.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Suna ɗauka cewa da sun liƙa wa maɓalli matsayin sama, matsala ta ƙare. Fifiko yana yanke wanda zai shiga na gaba ne kawai. Ba ya katse wanda ke ciki. Ko da hajiyar nan ta zo da takardar sarki, in buhu na cikin inji sai ta jira. Maganin shi ne mai buhun ya yarda a niƙa masa tiya-tiya, ana ɗagawa tsakani ana duba ko akwai mai sauri.

Don haka aka ƙaro umarnin scheduler.yield, wanda ya shigo Chrome 129 a Satumban 2024. Dogon aiki yana tsayawa a tsakiya ya ce wa burauza ta sallami mai jira, sannan ya ci gaba. Bambancinsa da tsohuwar dabarar setTimeout yana da muhimmanci: a da, in ka ɗaga sai ka koma ƙarshen layi, kowa ya wuce gabanka, shi ya sa masu gina shafuka ke ƙyashin ɗagawa. Yanzu ragowar aikinka tana dawowa gaban takwarorinta na mataki ɗaya. An cire wa mai buhu tsoron rasa gurbinsa. In kuma lissafin mai nauyi ne ƙwarai, akwai Web Worker, ma'aikaci na gefe da ba ya taɓa fuskar shafi, a tura masa can.

Wani tarko kuma shi ne Promise, wata dabarar JavaScript ta cewa "in wannan ya kammala, a yi wancan". Ayyukan da ke biyo bayansa ba sa shiga layin da muke magana. Ana kwashe su duka nan take bayan aikin da ke gudana, kafin a saurari kowa. Mai shafi zai iya yanka aikinsa gida ɗari da su, ya ɗauka ya ɗaga, alhali bai saki injin ko sau ɗaya ba. Haka nan wanda ya sa wa komai matsayin sama ya koma gidan jiya, domin in kowa mai gaggawa ne, layin farko aka dawo.

To wa ke hukunta wanda ya ƙi bi? Tara babu, amma akwai awo. Tun ranar 12 ga Maris 2024 Google ya sa ma'aunin INP cikin manyan ma'aunansa na lafiyar shafi. Yana auna tsawon lokaci daga taɓawar mutum zuwa sauyin da ya gani a fuska: milisakan 200 ko ƙasa da haka ya yi kyau, abin da ya haura 500 ya yi muni. Shafin kawu ya ninka iyakar munin nan wajen sau shida.

Abin da nake roƙon masu gina mana shafuka shi ne su lura da wayar da ke hannun mutanenmu. Aikin da kwamfutar ofis ke gamawa kafin ƙiftawar ido, ƙaramar wayar da aka saya jaka talatin ko arba'in tana iya ninka lokacinsa sau da yawa. Kuma wayoyi da dama a Tasawa ko Madarunfa ko Gidan Rumji suna ɗauke da tsohuwar burauzar da ba a sabunta ba, wadda ba ta san scheduler ba sam. Ƙa'idar fifita ayyukan nan har yanzu daftari ce, ba ta zama dole a kan kowace burauza ba, saboda haka sai an fara dubawa ko akwai scheduler, in babu a koma kan setTimeout. Maɓallin ajiyewa kuma, da an danna shi sau ɗaya a rufe shi, a nuna alamar ana aiki, kafin a fara kowane lissafi.

Kafin in bar shagon na nuna wa yaron yadda zai goge ciniki biyun da suka ƙaru, na ce masa in ya danna sau ɗaya ya ƙirga zuwa biyar kafin ya sake. Kawu kuma ya sa na rubuta wa wanda ya gina musu shafin saƙo, na zayyana masa abu biyu: ya rufe maɓallin bayan dannawar farko, ya kuma raba lissafin kayan gida-gida yana ɗagawa tsakani.