Ɗaukar hoton bakin ruwa a Sakkwato

Ɗaukar hoton bakin ruwa fanni ne na aikin hoto, inda mai kyamara ko wayar hannu yake bin gaɓa a ƙafa yana ɗaukar ruwan da masu hidima a bakinsa. A Legas gaɓar teku ake bi. Sakkwato kuwa ba ta da teku, don haka harkar ta ta'allaƙa ne ga Kogin Rima da Kogin Sakkwato, waɗanda suka haɗu daf da birnin kafin ruwansu ya gangara ta Argungu ya faɗa Kogin Kwara.

Ɗaya daga wuraren da ake zuwa shi ne Kwalkwalawa, a kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Daga kan gada ana hango masunta cikin kwale-kwale, da masu wanki, da fadamar shinkafa da albasa. Wurin yana sake kama gwargwadon lokaci. Da damina, musamman Agusta da Satumba, kogi kan cika ya malale fadama. Ambaliyar 2010 ma har gadar ta karya. Da rani ruwa kan ja baya, yashi ya fito fili, a samu hanyar takawa har bakin ruwa. Yawan ruwan da ake saki daga madatsar Goronyo, da ke kan Kogin Rima, shi ma yana ƙara ruwan kogin ko rage shi.

Haske shi ne jigon aikin. Bayan asuba iska ba ta tashi ba, ruwa kwance yake kamar madubi, ana samun jirgi da inuwarsa a hoto guda. Da la'asar sakaliya, in aka fuskanci rana, masunci kan fito baƙi ƙirin, ragarsa a buɗe cikin iska. Rana tsaka ba ta da daɗin aiki, balle a Afrilu da zafi kan haura digiri 40. Hazon hunturu yana dusashe launi, amma wasu shi suke nema, don yana ɓoye ƙetaren kogi ya bar jirgin shi kaɗai. Ƙurarsa ce dai matsala, sai ana goge gilashin kyamara a kai a kai. Kuskuren da ya fi yawa wajen sababbin hannu shi ne karkata waya, kogi ya fito kamar zai tuntsure.

Ana yin sallama a nemi izini kafin a saita wa mutum kyamara, musamman mata da masu wanka. A madatsun ruwa kuma sai an tuntuɓi masu gadi.