Motar anlok a GTA: mece ce, kuma ina ake samunta?

A gidajen gem na Kano, daga Kurna har Hotoro, za ka ji yaro na ce wa abokinsa, "Kai, wannan ba a tsintarta a titi, sai ka yi anlok." Yana nufin mota, babur ko jirgin da masu haɗa gem ɗin suka kulle tun farko, ba ya fitowa sai ka cika wani sharaɗi. Sauran motocin GTA (Grand Theft Auto, gem ɗin satar mota) tare su kake yi, ka finciko direba ka wuce. Ita wannan gumi ake yi mata.

GTA San Andreas, wadda kamfanin Rockstar ya fitar a 2004 kuma har yau ake bugawa a PS2 da waya, ta fi nuna yadda abin yake. Akwai makarantar koyon tuƙi a San Fierro, ɗaya daga biranen gem ɗin. Ka ci duk gwaje-gwajenta da lambar tagulla, motar Super GT ta fito a bakin makarantar. Azurfa ta ba ka Bullet. Zinare kuma Hotknife. Haka makarantar jirgin sama da ke cikin sahara: zinare a kowane gwaji shi ke kawo Hunter, helikwaftan yaƙi mai harba roka. Wanda ya taɓa yin gwajin kewaya filin jirgi da madannin da ya sha hannun yaran unguwa ya san zinaren nan ba wasa ba ne.

Wata hanyar ita ce tsince-tsince. A GTA Vice City ta 2002 an ɓoye ƙunshi 100 a lungunan gari: ka tara 90 tankar yaƙi Rhino ta fito, ka cika 100 a ba ka Hunter. A GTA V sassan kumbo 50 ake nema kafin a samu Space Docker, wata 'yar mota mai fitilu wadda kyan gani ya fi amfaninta yawa.

To me ya raba ta da cit, wato kalmar sirri ta samun abu ba wahala? A kwamfuta ka rubuta AIWPRTON, nan take Rhino ta faɗo gabanka. Ni ban ga laifin mai yin haka a gidan gem ba: kuɗinsa na ƙirga minti, memori ba nasa ba, wuta kuma ba ta sallama in za ta tafi. Amma motar anlok tana cikin sebin ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a gem. Ta ƙone, ta faɗa ruwa, ka koma inda take fakin ka tarar da wata. Shi ya sa wasu ke sa a tura musu sebin ɗin wani da aka gama a waya, su hau abin da ba su sha wahalarsa ba.

Inda nake ganin Rockstar bai kyauta ba shi ne babbar ladar San Andreas. Sai ka kammala komai, ɗari bisa ɗari, har da fesa fenti a bango 100 da tsintar takalman ƙarfe na doki 50, sannan a ajiye maka jirgin yaƙi Hydra a saman gidan Sweet, yayan jarumin gem ɗin, Rhino kuma a ƙarƙashin gadar unguwar Ganton. An ba ka doki bayan an tashi daga hawa. Hunter ɗin makarantar jirgi kuwa tun ana tsakiyar labari ake iya samunsa, tun akwai sauran abokan gaba a birnin Las Venturas da za ka gwada shi a kansu.