Mai janaba ko haila na iya yanke farce da aski

An daɗe ana cewa mai janaba ko haila kada ta yanke farce ko ta aske gashi, wai za su tashi da janaba ranar ƙiyama. Babu ingantaccen hadisi a kan haka.

Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa abubuwa biyar na fiɗira, wato ɗabi'ar da aka halicci ɗan Adam a kanta: kaciya, aske gashin mara, rage gashin baki, yanke farce da tsige gashin hammata. Bai sharɗanta tsarki ba. Janaba hukunci ne da wanka ke ɗaukewa, ba najasa ce a jiki ba.

Abin da aka iyakance shi ne lokaci: a hadisin Anas, kada a wuce kwana 40. Mai jego kuwa, a mazhabar Malikiyya jinin biƙi na iya kaiwa kwana 60, to idan ta jira wanka ta wuce iyaka, ga datti ya taru ƙarƙashin farcen da take riƙe jariri da shi.

Wanda aka hana shi ne mai haramin aikin Hajji ko Umara, sai mai niyyar layya daga shigar Zulhijja har ya yanka.