Bayanin lafiya da za a bai wa mara lafiya: daga ina za a samo shi?

Me ya sa ma'aikacin lafiya zai wahalar da kansa wajen tara bayanai, bayan ya riga ya yi karatun aikin?

Saboda layin asibiti ba ya barin a yi dogon bayani. An auna mutum, an ce masa hawan jini ne, an rubuta magani, na bayansa ya shigo. Sai ya isa gida tambayoyin za su taso: zan daina cin gishiri gaba ɗaya ne? Idan na ji sauƙi in ajiye maganin? In ba a ba shi amsa a hannu ba, mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa zai ba shi tasa. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙon waya ya tayar da mutane cikin dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka rasa rayuka, alhali gishiri ba ya tare Ebola ko kaɗan.

To ina za a fara nema?

A fara da gida. Hukumar NCDC ce ke bibiyar cututtuka masu yaɗuwa irin su kwalara, sanƙarau, zazzaɓin Lassa da mashaƙo, tana kuma da layin kira kyauta, 6232. Abin da ya shafi rigakafin yara da awon ciki yana hannun hukumar kula da lafiya a matakin farko, NPHCDA. Magani da abinci kuwa aikin NAFDAC ne. Daga nan sai Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Na sa na gida a gaba ne da dalili: shafin wani babban asibiti a Amurka yana iya faɗin gaskiya tsantsa, amma jadawalin rigakafinsa ba namu ba ne, kuma wanda ya rubuta shi bai sa zazzaɓin cizon sauro a lissafi ba sa'ad da yake maganar zafin jikin yaro.

Yaya ake gane bayanin da za a amince da shi?

Wa ya rubuta, yaushe, kuma me yake sayarwa? Tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi kama ɓarawo. Duk bidiyon da ya fara da bayanin ciwon suga ya ƙare da lambar waya da farashin kwalba, talla ce, ko da mai maganar yana sanye da farar riga. Haka duk maganin da aka ce shi kaɗai yana kashe basir, sanyi, taifot da rashin haihuwa.

Kwanan wata ma ba abin wasa ba ne, don ilimin likitanci yana sauyawa. Kulorokwin shi ne maganin zazzaɓin da iyayenmu suka sani, amma tun 2005 Najeriya ta koma kan haɗin magungunan ACT saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin, kuma ƙa'idar yanzu ita ce a yi gwajin jini kafin a sha magani. Tsohuwar takarda da ke manne a bangon wani kemis tana iya zama daidai a zamaninta, yau kuma ta cutar.

Idan magani yana da lambar NAFDAC, ai shi ke nan ko?

A'a. Da farko ana buga lambar jabu, shi ya sa hukumar ta buɗe kundin Greenbook a intanet inda ake duba sunan magani a ga ko da gaske an yi masa rajista. Wasu magungunan kuma suna da wurin kankarewa a jikin kwali, a tura lambar ta tes a sami amsa. Na biyu, lambar da ake bai wa yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba ba su da illa ga mai sha ne, ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikinsu. Masu talla sun san mutane ba su san wannan bambancin ba.

Yawancin bayanan da Turanci suke. Yaya za a yi da wanda ba ya karatun boko?

A nan aikin yake. Miƙa wa tsohuwa adireshin shafi ba taimako ba ne. Ma'aikaci ya karanta da kansa, ya tsamo abu biyu ko uku da mara lafiya zai aikata, ya faɗe su da Hausar da ake yi a gida. Ga uwar da ɗanta ke gudawa: a haɗa ruwan ORS yadda aka rubuta a jikin leda, a ba shi zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, kada a daina shayarwa, in ya kasa sha ko idonsa ya faɗa a garzaya asibiti. Saƙon murya na minti ɗaya ya fi takarda shafi biyar amfani, tunda za a iya sake kunna shi mai gida da kaka su ji, kuma sau da yawa su ne masu yanke shawara. Kafin uwar ta tashi a ce, "Mama, maimaita mini yadda za ki ba shi." A nan ake gane ko an fahimta.

Idan mutum ya ce shi bai yarda da hukumomin ba fa?

Kada a yi masa kallon jahili. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Takardun hukuma kaɗai ba su dawo da mutane ba. Sai da sarakuna, malamai da waɗanda cutar ta nakasa suka shiga gida-gida, kafin a kai ga ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna a Agustan 2020. Don haka a cikin abin da ma'aikaci zai tara, ya haɗa da muryar wanda unguwar ke jin maganarsa, muddin abin da ya faɗa ya dace da bayanin likitoci.

Za a iya tura wa marasa lafiya ta WhatsApp?

Ana iya, in bayani ne na kowa da kowa. A sa sunan inda aka samo shi da ranar da aka tura. Sakamakon gwajin wani, hotonsa ko sunan cutarsa ba sa shiga guruf, kuma ba a rubuta wa mutum magani ta waya ba tare da an duba shi ba.