Inabi ba baƙo ba ne a Saudiyya

Alhazanmu da yawa in sun ga inabi a kasuwannin Makka sai su ce daga waje aka kawo shi, wai ƙasar nan rairayi ce zalla. Ana shigo da wani, gaskiya ne, amma maganar tana damuna, domin Ɗa'ifa na nan kusa, bisa duwatsu masu tsayin wajen mita 1,800, kuma ana noman inabi a can. Zafin rana ke tara masa zaƙi, sanyin dare kuma ya hana shi gaggawar nuna, sai ya riƙe ɗan tsaminsa mai daɗi. Ƙasar tsakuwa ba ta riƙe ruwa, saiwar inabi kuwa ba ta son kwana cikin laima. Noman ma daɗaɗɗe ne: a wata gonar Ɗa'ifa wani bawa mai suna Addas ya kawo wa Annabi (SAW) inabi, tun kafin hijira.